Shanu sun fito da Theileria a gwajin PCR: a yi wa garken duka allura?

Ɗan'uwa, ka ce an gwada jinin shanunka da PCR, gwajin da ke neman DNA (sinadarin gado) na ƙwayar cuta, yawancinsu sun nuna Theileria, ƙwayar cutar jini da kaska ke yaɗawa, kana tambaya ko sakamakon abin dogaro ne. Abin dogaro ne, amma ka san DNA ɗin ƙwayar yake gani, ba ciwo ba. Saniyar da ta taɓa kamuwa ta warke takan riƙe ƙwayar watanni, har shekaru, tana kiwonta lafiya lau.

Ka fara tambayar masu gwajin wace Theileria ce, don iri-iri ce. Mutans da velifera, waɗanda kaskar Amblyomma variegatum ke yaɗawa, sun zama ruwan dare a shanunmu, kuma galibi ba sa kwantar da dabba. Parva mai kisa a gabashi da kudancin Afirka take. Yawancin ɗakunan gwaji wani sashen DNA mai suna 18S suke bi, shi kuwa yakan kamo dangin gaba ɗaya, har da Babesia, wata ƙwayar cutar jini ta kaska. In ƙwaya biyu suka haɗu a jini guda, mai yawan ce ke fitowa, ta danne ɗayar. Sai an sake gwaji da wanda aka keɓe wa kowace.

Inda aka fi yin asara shi ne a ce babu, alhali akwai. Babesia bovis tana maƙalewa a ƙananan jijiyoyin jini, don haka jinin wuya kan zo da kaɗan. A haɗa da na bakin kunne ko ƙarshen wutsiya. In makiyayi ya riga ya soka allurar Berenil, ƙwayar ta ragu kafin a ɗebi jinin. Sai kwalba: mai murfin shunayya ta EDTA, sinadarin hana jini daskarewa, ake so, mililita 2 zuwa 5, a sa cikin ƙanƙara. Mai koren murfi heparin ne a ciki, yana hana gwajin aiki. Inda babu wuta, a ɗiga jinin a katin FTA, takardar adana DNA, ya bushe.

Gwajin PCR mai zagaye biyu kuwa saurin gurɓata gare shi. Ka nemi ganin layin sakamakon da aka sa ruwa zalla maimakon jini. In shi ma ya nuna, a zubar da sakamakon duka.

In kaska za a gwada, a giyar gwaji (ethanol) mai kashi 70 ake ajiye ta. Wadda ta ƙoshi, jinin saniyar ne a cikinta, don haka in ta nuna ƙwayar, ba shaida ba ce cewa ita ke yaɗa cutar.

Kada a yi wa garke duka allura. A ware masu zazzaɓi sama da digiri 39.5 na Celsius, masu farin ido na ƙarancin jini ko jan fitsari, a auna PCV, wato yawan jajayen ƙwayoyin jini, a duba jininsu da rinin Giemsa a madubin likita, likitan dabbobi ya yi wa waɗannan magani.