Dalilin da Lahadinmu ke ƙarewa a filin unguwa

Ƙanena, ka ce duk hoton da na turo maka ran Lahadi a wani ɗan ƙaramin fili muke, mun dunƙule cikin rigunan sanyi, alhali ga Dortmund kusa da mu. Kana mamakin me ya kai Bahaushe can.

Mu Hausawan wannan yanki na Ruhr a Jamus, 'yan zangon Kumasi da Accra, da mutanen Nijar, da mu 'yan Arewa, yaranmu ne suka kai mu. A nan yaro ba ya buga ƙwallo a lungu kamar yadda muka yi a Kano. Sai ka yi masa rajista a kulob ɗin unguwa, ka biya ɗan kuɗin wata, kai ma ka zama ɗan gida. Iyaye ke karɓa-karɓar wanke rigunan 'yan wasa. Makon da ya faɗo kanmu, matata takan shanya su a ɗakin ƙasa duk da ƙorafin laka. Tsiren alade da giyar da suke sayarwa a bakin fili ba namu ba ne, kowa ya sani, don haka da fulas ɗin shayi muke zuwa. A hunturu la'asar da magariba kusan a manne suke, sai mu shimfiɗa darduma bayan motoci.

A wajen nan ne wani dattijo, tsohon mahaƙin kwal, ya zaunar da ni ya ba ni labarin kakar 1962/63. Kafin Bundesliga, Jamus ta Yamma ba ta da gasa guda ta ƙasa. Gasanni biyar ne na yankuna, tamu ita ce Oberliga West, mai ƙungiyoyi 16. A waccan kaka, wadda ita ce ta ƙarshe, 1. FC Köln ta zo ta ɗaya, Dortmund ta biyu. Da na gaba-gaban yankunan suka kara don fitar da zakaran ƙasa, su biyun suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe a Stuttgart, ran 29 ga Yuni 1963, Dortmund ta ci 3 da 1.

Amma ba wannan ne ya tsaya masa a rai ba. Da aka zo kafa Bundesliga, gurbi biyar kacal aka ba yankin: Köln, Dortmund, Schalke, Preußen Münster da Meiderich ta Duisburg. Ƙungiyarsa, Westfalia Herne, wadda ta ɗauki kofin yankin a 1959, aka bar ta a baya. Golansu ma, Hans Tilkowski, a shekarar ya koma Dortmund. Yana faɗa idonsa ya cika da ƙwalla, wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Ya ce a da ɗan wasa maƙwabcinka ne, wasu ma tare kuke sauka rami da asuba. Daga baya ramukan suka dinga rufewa ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe a Bottrop a 2018, ƙananan ƙungiyoyin kuma suka yi ta gangarawa ƙasa.

Mutanen ba su daina zuwa ba. Yanzu ɗana Bahaushe ne ke tsaron baya a ƙungiyar yara ta unguwarmu, dattijon nan kuma shi ya fi kowa ɗaga murya yana kiran sunansa. Da azumi ma shi ya tunatar da koci a rage wa yaranmu gudu.

Idan Allah Ya kawo ka, ka taho da safa mai kauri. Zan kai ka ku gaisa.