Lorentz zai dawo da kansa a ƙaramin makamashi?

Tambaya: Salam Dakta. Ina mastas ne a kan ka'idojin fili na kwantom masu karya daidaiton Lorentz (ka'idar Einstein da ta ce dokokin fiziks da gudun haske ɗaya ne ga kowa, komai gudun da yake tafiya a kai), irin na Lifshitz, inda lokaci da sarari ba sa auna ɗaya. Na ƙara k^6 (k shi ne momentom) a lissafi, lup ɗina, wato gyare-gyaren kwantom da ake tarawa a kan kowane momentom, suka daina fashewa zuwa mara iyaka a babban makamashi. Abin da ke hana ni barci, in na sauko ƙaramin makamashi Lorentz zai dawo? Wani ya ce kar in damu, wai ma'aunin Planck, wato makamashi mai girman gaske kusan 10^19 GeV, ya danne duk ɓarnar.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina. Ɓangaren sama ka yi daidai, k^6 ɗinka na nufin z=3, lambar da ke nuna yadda lokaci da sarari ba sa auna ɗaya, dabarar da Horava ya bi ke nan a 2009 kan nauyi.

Amma wannan "Planck ya danne" wallahi na gaji da jin ta, duk sati sai wani ya kawo min ita. Mutum ya rubuta makamashin gwajinsa E bisa 10^19 GeV, ya ga lamba 'yar mitsitsiya, ya nade tabarma. To lup fa? Ai cikin lup momentom ba ya tsayawa a makamashin gwajinka, yana hawa har can inda ka karya Lorentz ɗin, ya kwaso ɓarnar ya sauke maka a ƙasa. Sai ka tarar ilektiron da foton kowa da nasa iyakar gudu, kuma bambancin ba Planck ke danne shi ba, ƙarfin kofulin ne kawai (ƙarfin mu'amalar filayen da juna), wato kusan kashi ɗaya cikin ɗari ko cikin dubu. Collins da Sudarsky da abokansu sun nuna haka tun 2004. Gwaji kuwa bai bar wannan ƙofa ba, ko GW170817 ka duba, karon taurarin niyutiron biyu da aka gano, igiyar nauyi da hasken gamma da suka taso daga can sakan 1.7 kacal tsakaninsu, gudunsu ɗaya ne har zuwa kusan 10^-15.

Kar kuma a ce maka gudun zai haɗe da kansa in ana saukowa. Yana haɗewa, amma tafiyar hawainiya ce ta logaridim, ba ta kai ka ko'ina.

Masu turo min bidiyon gwajin OPERA na 2011, inda aka ce niyutirino ya fi haske gudu, wai ka'idar Einstein ta rushe, don Allah ku huta, wayar faiba ce ba ta ɗauru da kyau ba.

Kai dai sa fili biyu a modal ɗinka, ka lissafo gyaran lup ɗaya na gudun kowanne. In sun bambanta, sai ka faɗa wa sufabaizanka me zai kare ka, sufasimetiri (daidaiton da ke haɗa kowane ɓurɓushi da abokin tagwaicinsa) ko gyaran lambobi da hannu, kafin ranar difens.