Amsa ga mai jaririn da ke yawan farkawa da dare

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da fama. Kin ce yaronki ɗan wata bakwai yana tashi sau da yawa cikin dare, kuma ba ya komawa sai da nono a baki.

Barcin jariri gajere ne, kusan duk bayan minti 50 zuwa 60 yakan ɗan farka. Idan da nono ya yi barci, shi zai nema duk sanda ya buɗe ido. To ki raba masa biyun. Ki shayar da shi ya ƙoshi, ki sa shi ya yi gyatsa, sannan ki kwantar da shi yana gyangyaɗi amma bai yi nisa ba. In ya motsa, ki ɗan dakata, ki bubbuga bayansa a hankali kafin ki ɗauka. Kada ki kunna fitila mai haske ko ki yi masa wasa. Zai yi rigima kwanakin farko, ki daure.

Ki tsayar da lokaci ɗaya kullum, misali wanka bayan magariba, nono, sai shimfiɗa. Ki duba zafi da sauro ma, kaya marasa nauyi da gidan sauro sun wadatar. A rigingine za ki kwantar da shi, ba matashi.

Don Allah kada ki ba shi maganin tari ko jiƙo don ya yi barci, yana da haɗari sosai. Zuma ma sai ya cika shekara 1. In akwai zazzaɓi, ko yana jan kunne, ko ya ƙi nono, ki kai shi asibiti a duba shi.