Filin Tambaya: Ƙungiyar da ta hau sama, ya za ta yi ta zauna?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, don Allah ka raba mana gardama, tun da Barau FC ta hau gasar NPFL, wato babbar gasar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, a 2025 muke ta musu a majalisarmu, wasu na cewa sai an kashe kuɗi an sayo manyan 'yan wasa kafin sabuwar ƙungiya ta tsira, ni kuma na ce ba haka ba ne. Wa ke da gaskiya? Daga wani mai karatu, Kofar Mata, Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan uwa. Kai ka fi kusa da gaskiya, amma su ma ba a banza suke fargaba ba, don a Firimiyar Ingila kaka biyu a jere duk ukun da suka hau sun koma inda suka fito, Luton da Burnley da Sheffield United a 2024, sai Leicester da Ipswich da Southampton a 2025.

Kuɗi kam dole ne, amma yadda ake kashe su ne magana. Fulham a 2018 ta zuba sama da fam miliyan 100 ta kwaso sababbin 'yan wasa ta ajiye yaran da suka kawo ta a benci, kafin kaka ta ƙare koci uku ta yi, kuma duk da haka ta faɗa. Za su ce maka ai Nottingham Forest ta sayi sama da mutum 20 a 2022 ta tsira, eh ta tsira amma da kyar da jiɓin goshi, sai da Taiwo Awoniyi ya ci Arsenal a watan Mayu sannan suka yi barci.

Ni Brentford nake nuna wa mutane. Sun hau a 2021, suka riƙe kocinsu Thomas Frank, suka ƙara 'yan kaɗan irin su Frank Onyeka, suka dage da bugun kwana da firikik da doguwar jifa wadda manyan kulob ke rainawa, wasan farko suka ba Arsenal 2-0, suka gama na 13.

A nan gida kuma abin da ya fi komai shi ne makin gida da albashi. Ɗan wasan da ya yi wata uku ba a biya shi ba, sannan ya kwana a mota daga Kano zuwa Fatakwal, wane gudu kake jira ya yi maka? Magoya baya ma su kama kansu, Kano Pillars an cire mata maki saboda rikicin 'yan kallo a 2022 kuma a shekarar ta faɗa. Remo Stars ta Ikenne ta sha hawa da sauka, amma ta gina filinta da makarantar horar da yara, ta dawo a 2021, a 2025 ta ɗauki kofin lig ɗin gaba ɗaya.

Ka gaida 'yan majalisa, ka ce wanda ya sha kaye a musun shi zai sayi shayi.