Zan iya sa karanshaf ɗin 1.8 a injin Carina 1.6?

Tambaya: Ina da Carina E mai inji 4A-FE, ina jigilar fasinja tsakanin Garwa da Ngaundare. In na yi lodi, a hawan falez, wato doguwar hawar dutsen da ke kan hanyar, sai ta riƙa nishi. Makanikena ya ce a sayo karanshaf (ƙarfen da fistin ke juyawa a cikin inji) na injin 7A a dasa mata, ta koma 1.8. In yarda? Daga wani direba a Garwa.

Amsa: Malam direba, makanikenka bai yi ƙarya ba, rabin zancen dai ya faɗa maka. 4A da 7A 'yan gida ɗaya ne, faɗin silindarsu duk milimita 81. Bambancin yana wajen tafiyar fistin: a 4A milimita 77 yake yi sama da ƙasa, a 7A kuwa 85.5. Shi ya sa ɗaya ke da cc 1587, ɗaya 1762. Wannan ƙarin tafiya ce ke ba mota ƙarfin ja tun inji bai yi kuka sosai ba, abin da kake nema a hawa ke nan.

Ga inda gizo ke saƙar. Da ka sa karanshaf ɗin 7A, wanda masu Faransanci ke kira vilebrequin, fistin zai ƙara hawa da milimita huɗu da 'yan kai. Bulok ɗin 4A, wato gangar jikin injin, ba shi da wannan fili, fistin zai doki kan inji. Ita kanta Toyota sai da ta ƙara wa bulok ɗin 7A tsawo. Kai kuwa sai dai a nemo sandunan fistin gajeru, ko fistin na musamman, ko a sassaƙe naka a wurin mai injin gyaran ƙarfe. Sannan dole a auna nauyin kowane, domin in ɗaya ya rinjayi sauran, girgiza za ta cinye metal, wato ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu, cikin 'yan watanni. Matsin cikin silinda ma zai ƙaru. To ka haɗa wannan da zafin watan Afrilu a arewa, da zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da muke saye a kwalba bakin hanya: inji zai riƙa ƙwanƙwasa har fistin ya ƙone.

Motar da ake ci da iyali da ita ba ta gwaji ba ce. Carina E ta fito da 7A-FE tun daga kamfani, don haka nemi cikakken injin 7A-FE okaziyo, wato na hannu, daga Duwala, da kwamfutarsa da wayoyinsa. Kada ka biya sai an tayar da shi a gabanka, an kuma auna matsin silinda huɗun.

Tambaya: Jeep Cherokee gare ni mai inji 4.0. Na ji ana mayar da shi 4.6. Daga wani Alhaji a Injamena.

Amsa: Ranka ya daɗe, wannan kam ana yi, kuma ya fi na Carina sauƙi. A Amurka ana ɗauko karanshaf ɗin tsohon injin 4.2, ya zauna a bulok ɗin 4.0, a samu 4.5, in an ɗan faɗaɗa silinda ya kai 4.6. Sai dai tun 1990 aka daina ƙera 4.2, samunsa a Cadi sai an yi oda daga waje. In ya iso, a duba shi ko da tsaga, a canza injekta masu fesa mai zuwa manya, a wanke lagireto tas kafin a kunna.