Daga Ɗakin Bincike Zuwa Makarantar Kasuwanci

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da digiri na biyu a fannin ƙananan halittu, kuma ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata cibiyar binciken aikin gona, inda muke nazarin gubar da ke kama gyaɗa da masara. Ina son in yi digirin MBA, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, domin in iya kai sakamakon bincikenmu kasuwa, amma ban taɓa karanta lissafin kuɗi ba, kuma abokan aikina suna cewa ma'aikatan banki da na kamfanoni kaɗai ake ɗauka. Shin irina na da hanya? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Maganar abokan aikinki ba haka take ba, domin makarantun kasuwanci da gangan suke haɗa likitoci da injiniyoyi da masu bincike da ma'aikatan banki a aji guda, saboda yawancin karatun muhawara ce a kan matsalolin da kamfanoni suka taɓa fuskanta, kuma muhawara ba ta armashi idan kowa daga sana'a ɗaya ya fito. Masu tantancewa ba za su yi shakkar ƙwarewarki da alƙaluma ba. Abin da za su so su sani shi ne ko kin taɓa jagorantar mutane, ko an taɓa ba ki amanar kuɗi, da kuma dalilin da ya sa kike neman wannan digiri a yanzu.

A nan ne masu bincike da yawa suke tuntuɓe. Sun saba da takardar bayanin aiki mai shafuka da dama, cike da sunayen maƙalolin da suka wallafa, alhali wanda zai karanta takardarki ba lallai ne ya san ƙimar mujallun ba, kuma shafi ɗaya yake so. Ki rubuta abin da kika gudanar da kanki: kasafin kuɗin binciken da kika riƙe, ma'aikatan da ke ƙarƙashinki, yadda kika shawo kan malaman gona ko shugabannin manoma su gwada sabon abu a gonakinsu. Haka ma wasiƙun shaida. Wanda ya kula da aikinki kullum, wanda zai iya ba da labarin yadda kika warware wata matsala, ya fi babban farfesa da bai san ki sosai ba amfani, komai girman sunansa.

Fanninki ma yana da misali mai kyau da za ki iya kafa hujja da shi. Cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa, IITA, da ke Ibadan, tare da abokan hulɗarta, ta samar da Aflasafe, wato ƙwayar dawa da aka lulluɓe da nau'in fumfuna marar guba, wadda ake watsawa a gona kafin amfanin ya yi fure domin ta rinjayi mai gubar. Bayan an gama aikin kimiyyar, sai wasu tambayoyi suka taso: wa zai sarrafa shi da yawa, nawa za a sayar, ta yaya zai isa ƙauye kafin damina, kuma wane ɗan kasuwa ne zai ƙara wa manomi kuɗi saboda gyaɗarsa ba ta da guba? Idan kika nuna a rubutunki cewa irin waɗannan tambayoyi ne suka tsaya miki a aikinki, kin ba da dalili mai ƙarfi.

A gida Najeriya akwai makarantar kasuwanci ta Dangote a Jami'ar Bayero ta Kano, da ta Jami'ar Ahmadu Bello a nan kusa da ke, da kuma ta Legas wadda aka kafa a 1991. Jami'o'inmu da dama suna neman wanda digirinsa ba na kasuwanci ba ne ya fara yin babbar difiloma a fannin gudanarwa, kuma za a nemi takardar hidimar ƙasa, saboda haka ki duba sharuɗɗan shekarar da za ki nema.

Idan waje kike hange, akasarin manyan makarantu suna neman sakamakon jarrabawar tantancewa ta GMAT ko GRE. Sabon tsarin GMAT da ya fara a 2023 sassa uku ne, kowanne minti 45, makinsa daga 205 zuwa 805, kuma sakamakon yana aiki har shekara biyar. Ki ba sashen fahimtar rubutu lokaci sosai, kada ki dogara da ƙarfinki a lissafi kawai. Harvard da Stanford a Amurka shekara biyu ake yi, INSEAD a Faransa kuwa wata goma, kuma makarantun Amurka sukan karɓi takardu zagaye-zagaye, na farko wajen Satumba, na biyu wajen Janairu. Kuɗin yana da nauyi ƙwarai. Tallafin Chevening na Birtaniya yana buƙatar aƙalla shekara biyu ta aiki, yana da iyaka a kan abin da yake biya na MBA, kuma sharaɗinsa ne ki dawo gida bayan kammalawa.

A ganina, tunda burinki shi ne bincikenki ya isa hannun manoma da 'yan kasuwar hatsi irin na Dawanau, karatu a gida yana da fa'idar da ba a cika lura da ita ba, domin 'yan ajinki su ne mutanen da za ki yi hulɗar kasuwanci da su gobe, kuma za ki iya zaɓar tsarin ƙarshen mako ki ci gaba da aikinki. Kafin ki cike kowace takarda, ki tambayi ofishin ma'aikata na cibiyarku ko suna ba da hutun karatu ga digirin da ba na kimiyya ba, da kuma shekarun da za su ɗaure ki da su idan kin dawo.