Tambayi Likita: Ciwo a ciki, me ya kawo gwajin fitsari?

Tambaya: Assalamu alaikum likita, dan Allah inaso a min ƙarin bayani. Yarona shekararsa 2 da wata 4, cikinsa ya kumbura ta gefe ɗaya ga rama ga kukan dare, mun ba shi maganin tsutsa da na shawara ba canji, da muka je asibiti aka yi sikanin sai suka ce sun ga ƙulli a saman ƙodarsa, suka rubuta mana gwajin fitsari wai HVA da VMA suka haɗo mu da wata jarka. Ni dai ban gane ba wallahi, me ya haɗa ƙulli da fitsari? Daga Maman Abba, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Maman Abba, sannu da jinya, Allah ya sa kaffara ne. Haɗin yana nan kuwa. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta zaune kamar hula, ana ce mata adirenal, ita da wasu jijiyoyi ne ke sarrafa sinadaran da ke sa gaban mutum ya faɗi idan ya firgita. To idan jiki ya gama aiki da sinadaran nan sai ya narkar da su ya zubar da ragowar ta fitsari, ragowar ɗaya daga cikin sinadaran mai suna dofamin ita ce homobanilik asid wato HVA, ta wani mai suna adirenalin kuma ita ce VMA. Akwai wata kansa ta ƙananan yara da ake kira niyurobilastoma, galibi 'yan ƙasa da shekara 5 take kamawa kuma daidai wajen nan take yawan tsirowa, ita kuma sai ta riƙa ƙirƙirar sinadaran fiye da ƙima, shi ya sa kusan yara 9 cikin 10 masu ita za a ga HVA ko VMA ya hau a fitsarinsu. Abin da likitocinku ke son su tantance kenan, domin akwai wani ƙullin na ƙodar kanta da shi ma yake kumbura cikin yara amma shi ba ya ɗaga waɗannan lambobi, kuma maganinsu ba ɗaya ba.

Yanzu maganar jarka, nan ne nake so ki nutsu sosai don yawancin sakamakon da ke lalacewa daga gida yake lalacewa. Idan na awa 24 aka ce, fitsarin farko na safe zubarwa za ki yi ki rubuta lokacin, daga nan duk wanda ya yi dare da rana ki tara har zuwa wannan lokacin washegari, ko sau ɗaya aka zubar lissafin ya ɓaci. Ruwan da kika gani a gindin jarkar asid ne da ke hana fitsarin lalacewa, kar ki zubar da shi kar ki ɗauraye, kuma dan girman Allah kar yaro ya yi fitsari kai tsaye a ciki don yana ƙona fata, a fo mai tsabta zai yi ki juye. Ki ajiye a firji ko kula mai ƙanƙara inda hannun yara bai kaiwa. Idan har yanzu yana saka famfas ki faɗa musu tun kafin a fara, ana iya ɗaukar fitsari sau ɗaya a auna shi da kiriyatinin, wani sinadari da dama yake fita a fitsarin kowa, kuma ga yara ƙanana hakan ake yawan yi.

Wasu ɗakunan gwajin suna hana ayaba, cakulan, shayi da kofi na 'yan kwanaki, ki tambaye su. Duk maganin da yake sha ki kai musu su gani har da jiƙe-jiƙen gida, kar ki ji kunya.

Sai kuma abin da nake roƙonki, idan takarda ta fito kar ki yanke hukunci da kanki don kin ga lamba ta hau, ma'aunin yara ƙanana dama ya fi na manya, kuma gwajin shi kaɗai ba ya tabbatar da ciwon sai an haɗa da hoto da ɗan tsokar da za a ciro a duba. A Japan sun shafe shekaru suna yi wa jarirai 'yan wata 6 gwajin nan gaba ɗaya har suka dakatar a 2004, saboda yana ta tono ƙulle-ƙullen da wasu da kansu suke bajewa. Amma Abba shi da alamu ya zo, don haka a yi gwajin cikin satin nan, ranar da sakamako ya fito kuma ki koma da shi wajen likitan yaran da ya rubuta. Allah ya ba shi lafiya.